Amsoshin Wasiƙunku: Wace Irin Ƙasa Ya Kamata A Zuba Wa Kunkuru?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Katsina. Ya ce ya samo wa ɗansa 'yan kunkuru guda biyu, kowanne bai wuce tafin hannun yaro ba. Ya sa su cikin bahon roba, ya zuba masu yashin gini, yana ba su latas da ruwa. Bayan wata huɗu ɗaya ya mutu, ɗayan kuma idanunsa sun kumbura, ya rage cin abinci, ƙoƙon bayansa ya fara yin tudu-tudu. Yaron ya shiga damuwa ƙwarai. Yana tambaya ko yashin ne ya jawo haka, in kuwa shi ne, me ya kamata ya shimfiɗa masa?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma a gaida yaro da haƙuri. Daga nesa ba za mu iya yanke hukunci kan abin da ya kashe na farkon ba, wannan aikin likitan dabbobi ne. Amma busasshen yashi zalla yana cikin manyan abubuwan da ke nakasa ƙaramin kunkuru, kuma alamun da ka zana sun yi daidai da haka.

Bari mu fara da sanin dabbar tukuna. In kunkurun naka mai launin ƙasa-ƙasa ne, da wasu ƙayoyi masu kama da ƙaho a cinyoyinsa na baya, to shi ne babban kunkurun Sahel, wanda Turawa ke kira sulkata. Ana samunsa tun daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Mali da Nijar da Cadi da Sudan, har zuwa Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Babbansa kan haura kilo 50, kuma yakan yi shekara 70 ko fiye.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne, da sun ji an ce dabbar bakin hamada ce, sai su ɗauka bushewa take so. Ba haka ba ne. A daji wannan kunkuru rami yake haƙawa mai tsawon mita da yawa, a ciki yake wuni idan rana ta take, sai da safe da yamma yake fitowa kiwo. Can cikin ramin akwai sanyi da laima ko da bazara. 'Ya'yansa kuma da damina suke ƙyanƙyashewa, lokacin da ƙasa ke jiƙe, ciyawa ta fito. Kenan aikin mai kiwo shi ne ya kwaikwayi wannan rami: ƙasa mai zurfin da za a iya tonawa, samanta a bushe, ƙarƙashinta da danshi.

Maganar tudun da ka gani a bayansa kuwa, an taɓa gwada ta. A shekarar 2003 masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Viyana, ƙasar Ostiriya, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da 'ya'yan irin wannan kunkuru guda 50 na tsawon wata biyar. Waɗanda aka ajiye a busasshen wuri su ne ƙoƙonsu ya fi yin tudu, waɗanda ke cikin laima kuwa nasu ya fi fitowa sumul. Tudun da ya riga ya fito ba ya komawa, amma in an gyara wurin, sabon ƙoƙon da zai tofo zai fito daidai.

Yanzu ga abubuwan da za ka guje wa. Na farko yashi zalla. Ba ya riƙe danshi, rami ba ya tsayawa a cikinsa, yana shiga ido, sannan yana manne wa jiƙaƙƙen ganye kunkuru ya haɗiye. A hankali sai ya cushe masa hanji, ya kasa kashi, ya daina ci. Tsakuwa ma haka take, musamman farare, domin yakan ɗauke su ya haɗiye. Garin katako na wajen kafintoci yana da ƙura mai shiga hanci da ido, wani katakon ma an yi masa feshin maganin gara. Daɓen siminti yana goge masa ƙoƙon ƙirji, da rana ya ɗau zafi, da hunturu ya ɗau sanyi. Tayil da leda da takardar jarida santsi gare su, ƙaramin kunkuru in ya girma a kansu ƙafafunsa kan baje. Kada kuma a ɗebo ƙasar bola, ko ta gonar da aka zuba wa takin zamani ko aka yi wa feshi kwanan nan.

Abin da ya dace ba shi da tsada. Ka samo ƙasar gona mai kyau, ka tankaɗe ta da rariya don fitar da tsakuwa da gilasai da leda, ka shanya ta a rana kwana biyu ko uku. In ƙasar mai laka ce, wadda ke ƙanƙarewa in ta bushe, sai ka haɗa kwano uku nata da kwano ɗaya na yashi mai laushi. In kuwa ta jigawa ce, ta riga ta zo da yashinta, kada ka ƙara. Masu kiwonsa a Turai da Amurka sukan gauraya niƙaƙƙen ɓawon kwakwa saboda yana riƙe ruwa. In ka samu madalla, in babu ƙasar ta wadatar.

Ga yadda za ka gane danshin ya yi: ka yayyafa ruwa, ka cuɗa, ka damƙi ƙasar a hannunka. In ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, ta yi. In ta wargaje nan take, ƙara ruwa. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunka, ya yi yawa, domin caɓi shi ma cuta ne, yana ruɓar da ƙoƙon ƙirji.

Zurfin ƙasar ga ɗan ƙarami kada ya gaza santimita 10 zuwa 15, wato yadda zai iya binne kansa duka. Ka danne ta da hannu don ya sami wurin taka ƙafa. Ka raba wurin biyu: gefe ɗaya inda hantsi ke sauka, a bar shi a bushe, gefe ɗaya a inuwa, a nan za ka kifa rabin fasasshiyar tukunya ta zama ɗakinsa, ƙasar ƙarƙashinta kullum da danshi. Hasken rana dole ne, da shi ƙoƙo ke ƙarfi, amma kada a bar baho a tsakiyar rana ba inuwa, zafi na iya kashe shi kafin azahar. Mafi alheri ma ka fitar da shi daga bahon, ka kewaye masa wani lungu a tsakar gida da bulo, ka rufe sama da waya saboda ɓeraye da shaho da kyanwa.

Abinci kuwa kada a zube shi a ƙasa. A ɗora bisa faffaɗan dutse ko faranti. Ruwan sha a zuba a kasko marar zurfi, a binne shi daidai da ƙasa, yadda zai shiga ya fita da kansa.

Sai kula ta yau da kullum. Kowace safiya a kwashe kashi da ragowar ganye, tare da ƙasar da suka taɓa, don su ne ke kiran ƙuda da tururuwa. Za ka riƙa ganin wani farin abu tare da fitsarinsa. In yana da laushi kamar kindirmo lafiya lau ne, in ya yi tsakuwa-tsakuwa to ruwa ya yi masa ƙaranci. Sau ɗaya a mako a juya ƙasar, a zuba ruwa ta kusurwa don ya ratsa ƙasa, sama ta zauna a bushe. Bayan wata biyu ko uku a juye ta baho gaba ɗaya a sake sabuwa, in kuwa an ji wari ko an ga fumfuna, ba sai an jira ba. Tsohuwar a kai gindin itace.

Kowane lokaci na shekara da tasa dabara. Da hunturu ƙasa na saurin bushewa, ga sanyin dare, kuma wannan kunkuru ba ya jure sanyi haɗe da jiƙa. Saboda haka a yi yayyafi da safe kawai, da dare a shigar da shi ɗaki, a tara masa busasshiyar ciyawa ya kutsa ciki. Da bazara a ƙara ruwa da inuwa. Da damina a ɗaga wurin kwanansa ya yi tudu, kada ruwa ya kwanta masa.

Game da wanda ya rage a hannunka, ka canja ƙasar yau ɗin nan. Kullum ka sa shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda bai wuce haɓarsa ba, na minti 15, kana tsaye a kansa. Ka rage latas, ka ƙara ɗanyar ciyawa da ganyayen da ba a yi wa feshi ba. In kwana uku suka wuce bai buɗe ido ba, ko bai yi kashi ba, ko ka ga majina a hancinsa, ka kai shi asibitin dabbobi. Kuma a koya wa yaro wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa kunkuru ko ƙasarsa, domin kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 gara a nisanta su da wurin.

Abu na ƙarshe, Malam, ka yi shirin gaba. Nan da 'yan shekaru zai buƙaci fili, zai kuma yi tono, har yakan bi ta ƙarƙashin katanga, don haka shingensa sai an nutsa shi cikin ƙasa. Kada a huda ƙoƙonsa a ɗaure da igiya kamar yadda wasu ke yi, ƙashi ne mai rai, yana jin zafi. Sannan tun shekarar 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Saboda haka kada ka nemi a kamo maka wani daga daji don maye gurbin wanda ya mutu. Kunkuru ba ya kewar ɗan'uwa, shi kaɗai ma yake rayuwarsa. Ka riƙe wannan da kyau, ka sa yaron ya zama shi ne mai damƙar ƙasa kowace safiya.

Muna jiran wasiƙarka ta gaba mu ji yadda ya ƙare. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.