Gidan Sinima a Zamanin Waya: Wa Zai Biya Kuɗin Fim?

Duk Bakanon da ya ba shekara hamsin baya, ka ambata masa Plaza ko Orion ko El Dorado ko Marhaba, za ka ga ya yi murmushi, wani ma har ya waiga ya ga ko 'ya'yansa na kusa kafin ya fara ba ka labari. Ɗan shekara ashirin kuwa in ka ce masa Wapa, wajen 'yan canji ya sani, bai san an taɓa yin gidan sinima mai wannan suna a wajen ba. Alhali fim ɗin da yaron nan yake kalla a mako guda ya fi wanda ubansa ya kalla a wata uku. A waya yake kallo, a kwance, da abin sauraro a kunne, ba wanda ya san me yake gani.

Da an ta da zancen mutuwar gidajen sinima sai a ce ai intanet ce ta kashe su. A Amurka da Turai maganar tana da ƙamshin gaskiya. A wajenmu kuwa intanet gawa ta tarar.

Mu fara da can, tunda daga can hayaniyar ta taso. Shekara da shekaru akwai wata ƙa'ida tsakanin kamfanonin shirya fim da masu gidajen sinima: sabon fim sai ya yi kimanin kwana 90 a sinima kafin a sake shi a kaset ko faifai ko talabijin. Wannan jinkirin shi ne jarin mai sinima, don wanda ya matsu ya gani dole ya yanki tikiti. Netflix, wanda ya fara da aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya, ya soma nuna fim kai tsaye ta intanet a 2007, amma duk da haka ƙa'idar ba ta karye ba. A 2019 gidajen sinimar Amurka da Kanada sun yi cinikin sama da dala biliyan 11. Da korona ta zo a 2020 aka rufe ko'ina, cinikin ya faɗo zuwa biliyan 2 da 'yan kai. A watan Yulin shekarar kamfanin Universal ya daidaita da AMC, wanda ya fi kowa yawan gidajen sinima, cewa kwana 17 sun isa a saki wasu finafinai ga masu kallo a gida. A 2021 Warner Bros ya yi mai gaba ɗaya, duk fim ɗin da ya fitar a shekarar ya sa shi a manhajarsa ta HBO Max a ranar da ya shiga sinima. Cineworld, na biyu a girma a duniya, bashi ya ci shi har ya nemi kariyar kotu a Satumbar 2022.

An farfaɗo, amma ba a koma yadda ake ba. A 2023, shekarar da Barbie da Oppenheimer suka fito rana ɗaya suka cika gidajen kallo, cinikin bai wuce kimanin dala biliyan 9 ba, shi ma tsadar tikiti ce ta taimaka masa. Yanzu jinkirin ya koma wajen kwana 45 ko ƙasa da haka. Abin da ya canza shi ne ɗabi'ar mai kallo. A da mutum kan fita kallo duk ƙarshen mako, ko me ake nunawa. Yau sai fim ya zama abin da gari ya ɗauka sannan zai fita, sauran kuwa ya ce bari ya jira su a gida. Finafinan tsaka-tsaki, na soyayya da barkwanci da rikicin iyali, su suka fi shan wuya. Ba kuma ko'ina ne abin ya ja baya ba. Saudiyya, bayan fiye da shekara 30 da haramta sinima, ta buɗe ta farko a Riyad a Afrilun 2018 da fim ɗin Black Panther. A Sin, fim ɗin zane mai suna Ne Zha 2 na 2025 ya haura dala biliyan 2, mafi yawanci daga cikin ƙasar.

To mu dawo gida. A zamanin Turawa an riƙa zagayawa da majigi a mota ana nuna wa talakawa yadda ake noman gyaɗa da tsaftar gida a ƙofar fada. Sinimar kuɗi kuwa 'yan kasuwa Kwarori ne suka kawo ta. Rex ta buɗe a Kano a 1937, a wajen ganuwa, kuma tun daga tushe ba a ɗauke ta wajen mutanen kirki ba. A Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, aka yi ta cewa fushin Allah ne. Da aka gina Palace a Jakara, cikin birni, a farkon shekarun 1950, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani, samari na jifan masu kallo da duwatsu ta saman katanga. Wannan tabon bai taɓa gogewa ba, kuma duk mai son ya gane halin da ake ciki yau sai ya riƙe shi.

Duk da haka an kalla, kallo ba na wasa ba. Yawancin gidajen ba su da rufi, don haka sai bayan magariba ake farawa. Tun kafin a buɗe ƙofa bakin wajen ya zama kasuwa: mai rake, mai tsire, mai shayi, mai ajiyar kekuna, ga yara sun yi cirko-cirko a gaban fastar da aka manna a allo suna gardamar ko jarumin zai mutu. A ciki, masu ƙaramin tikiti suna gaba a kan benci, masu hali suna baya. Mafi yawan darare na Indiya ne, sauran na 'yan Chana da na kaboyi. Ba mai jin yaren, amma kowa ya san labarin, wani ma ya haddace waƙoƙin. Jarumai har suna aka raɗa musu, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. In bos ya sha naushi wajen ya ɗauki sowa, in zaren fim ya tsinke a tsakiyar faɗa mai injin ya sha zagi har sai ya haɗa. Mother India, fim ɗin 1957, an yi shekaru da dama ana maimaita shi yana cika gida. Sai dai ka lura, duk wannan taron na maza ne. Macen da aka gani a nan ta gama zubar da mutuncinta, shi ya sa rabin al'umma ba su taɓa zama kwastomomin sinima ba.

Wannan rabin ne kaset ɗin bidiyo ya samu a cikin gida. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma, musamman bayan fim ɗin Sangaya, fim ɗin Hausa ya zama sana'a sosai, Bata da Ƙofar Wambai suka zama cibiyar cinikinsa. Matar aure ta samu fim da yarenta a ɗakinta, ba sai ta nemi izinin fita ba. A lokacin kuma darajar naira ta faɗi, sayo sabon fim daga waje ya gagari masu sinima, suka koma maimaita tsofaffi. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 aka dakatar da harkar na wani lokaci, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, waɗanda suka sake buɗewa kuma suka buɗe da sharuɗɗa. Ɗaya bayan ɗaya gidajen suka koma shaguna da rumbunan ajiya da wuraren biki. Duk wannan ya faru tun kafin wayar shafa ta shigo hannun talaka.

Abin da waya ta kashe a arewa shi ne kasuwar faifai. Ka je kowace kasuwa ko bakin tasha za ka ga yaro a 'yar rumfa, da kwamfuta a gabansa da igiyoyin caji rututu. Ka miƙa masa waya ko memori, ka ce a zuba maka sababbi, cikin 'yan mintuna ya cika maka da na Hausa da Indiya-Hausa da na Turkiyya, ka ba shi abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Wanda ya sayar da fili ya yi fim ɗin, sau da yawa ko sisi ba ya gani. Da faifai ya daina tafiya, furodusoshi suka watse neman mafita. Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta nuna cewa shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in yana riƙe mutane, sai aka bi wannan hanya zuwa YouTube. Izzar So da Labarina, waɗanda suka fito a 2020, su ne shaida.

A nan ne nake ganin mai kallo ya kamata ya san yadda kuɗin yake zagayawa, domin shi ke yanke irin fim ɗin da za a ba shi. A YouTube kai ba ka biyan mai fim. Kamfanin sadarwa kake biya kuɗin data. Mai fim yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka sa a shirinsa, farashin tallan kuma ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Mutum dubu da suka kalla daga Gusau ko Maraɗi ba su kawo abin da 'yan kaɗan za su kawo daga Landan ko Jidda. Ke nan ba yadda za a yi a mayar da jari sai da yawa: kowane mako sabon kashi, labarin da zai ƙare a awa biyu a ja shi shekara uku, a yi ta zama a falo ana magana saboda falo ba ya cin kuɗi. Masu cewa finafinanmu sun cika jan rai gaskiya suka faɗa, amma ba lalacin marubuta ne kaɗai ba. Iya kuɗinka iya shagalinka. Manyan manhajojin waje ma ba abin jingina ba ne. Netflix ya sayi Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018, aka yi ta murna, amma a Janairun 2024 Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin finafinan Afirka, aka bar masu jira da hamma.

Sinima ita ce waje guda da kowane ido yake biya kafin ya gani. Mai gida yana ɗaukar kusan rabin kuɗin tikiti, mai rarrabawa da haraji su ci nasu, abin da ya saura ya isa ga mai fim cikin makonni. Shi mai gidan ma, a ko'ina a duniya, ribarsa ta fi fitowa daga gugguru da lemo. 'Yan kudu sun gane wannan. Tun da Silverbird ta buɗe a Legas a 2004 suka sake gina al'adar fita kallo, har Funke Akindele ta fitar da A Tribe Called Judah a Disambar 2023 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima. Da irin wannan kuɗi ake sayen kyamara mai kyau, a biya marubuci ya zauna ya yi tunani. A Kano an ɗanɗana. Bayan buɗe Ado Bayero Mall a 2014, Filmhouse ta kafa reshe a ciki, finafinai irin Mansoor na Ali Nuhu a 2017 suka ja jama'a, har da mata da 'yan mata, musamman lokacin Sallah. An ga cewa ana iyawa. Sai dai ɗaki biyu ko uku a birni ɗaya ba za su ɗauki masana'anta ba.

Ƙarancin ba namu kaɗai ba ne. Rahoton UNESCO na 2021 ya ƙirga allon sinima 1,653 a duk Afirka, wato allo ɗaya ga mutum kusan 787,000, a lokacin da Amurka kaɗai take da wajen 40,000. Na Najeriya kuma mafi yawansu suna Legas da Abuja da biranen kudu. Ga tsada. A manyan gidajen, tikitin naira 5,000 ba abin mamaki ba ne. Magidanci mai albashin 70,000 ya kwashi mutum biyar, ya kashe fiye da sulusin albashinsa ke nan, ba a yi maganar mota da gugguru ba. Mai gidan kuma ba mugunta yake ba, dizal da na'urar sanyaya ɗaki da haya ne suke cinsa.

Wanda ya ce Bahaushe ya daina son kallo a cikin taro, ya leƙa gidan kallon ƙwallo ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona. Rumfar kwano, benci, janareto na ihu, zafi kamar gidan burodi, amma ba masaka tsinke, kuma da yawansu suna iya bin wasan a waya. Suna biya ne don a yi sowa tare, a yi gardama tare. Abin da ya rage shi ne fim ya samu irin wannan waje, mai araha, a cikin unguwa, amma mai tsafta da tsarin da magidanci zai yarda iyalinsa su shiga. Ɗaki mai kujera ɗari ko ɗari da hamsin, da sola, da injin haskawa na zamani wanda kuɗinsa bai kai na mota ba, da nunin rana na mata da yara, da ɓangaren iyali, a tashi kafin dare ya yi. Wuraren biki da ke zaman banza daga Litinin zuwa Alhamis ma za su iya. Sharaɗin kawai shi ne furodusa ya daure ya riƙe fim ɗinsa wata ɗaya ko biyu kafin ya sake shi a intanet, in ba haka ba babu mai yankan tikiti.

Kuma kada a sake kuskuren raina masu adawa. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka yi ca, aka fasa cikin 'yan kwanaki, saboda ba a zauna da kowa ba kafin a sanar. Duk mai son zuba jari a wannan harka ya fara da mai unguwa da limami da hukumar tacewa, ya nuna musu wajen da abin da za a haska. Su kuma iyaye da malamai su dubi gaskiyar lamari: fim ɗin da ake nunawa a ɗakin da kowa ke gani an tace shi, wanda yaro ke kalla ƙarƙashin bargo da ƙarfe biyun dare kuwa ba wanda ya tace.

Kai kuma mai kallo, in ka ji ana haska sabon fim ɗin Hausa a garinku kuma kana da hali, ka je ka yanki tikiti, ka tafi da wani. In babu a garinku, ka kalla a tashar mai fim ɗin, kada ka kai memori a zuba maka na sata.