Yadda ake amfani da sauti wajen rufa asirin magana a wuraren aiki

Duk wanda ya taɓa zama a benci yana jiran ganin likita a ƙaramin asibitin karkara ya san matsalar. Labule ko falanki ne kawai tsakaninsa da marar lafiyar da ke ciki, kuma duk abin da aka faɗa yana shiga kunnensa.

A garuruwa irin su Madobi da Kura da Bunkure a jihar Kano, inda kusan kowa ya san kowa, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Matar da ta san maƙwabciyarta tana saurare, da wuya ta faɗi ainihin ciwon da ya kawo ta.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta ɓoye bayanan marasa lafiya a Nijeriya, amma doka ba ta toshe kunnen mai jira.

Wata dabara da ofisoshi da asibitoci a Amurka da Turai suka daɗe suna amfani da ita, ita ce lulluɓe magana da wani sauti. Akan sanya ƙananan lasifikoki a silin, suna fitar da sauti mai taushi marar yankewa, kamar hurawar iska.

Dabarar ta bazu ne tun daga shekarun 1960, lokacin da kamfanoni suka fara cire bango suna tara ma'aikata a babban ɗaki guda.

Ba ƙarfin sauti ba ne

Manoman rani da ke shayar da gonakinsu da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, sun san wannan ko ba a karanta masu ba. Mutum biyu na iya hira a bakin ƙofar magudanar ruwa, na uku yana can gefe yana jin muryoyi, amma ba ya gane kalma ko ɗaya.

Sirrin abin ke nan. Ba a kawar da muryar, ana dai dushe ƙananan sautukan da kunne ke rarrabe kalmomi da su.

Hirar yau da kullum tana kai kimanin desibel 60 a kusa, tana kuma raguwa da nisa. Sautin lulluɓewa kuwa akan tsayar da shi ne tsakanin desibel 45 zuwa 48, don ya rufe maganar nesa ba tare da ya hana na kusa jin juna ba.

Bincike ya nuna cewa maganar da mutum ke fahimta ta fi ɗauke masa hankali a kan ƙarar da ba ta da ma'ana. Shi ya sa akawun da ke lissafi zai iya jure wa ƙarar fanka yini guda, amma rediyo ko hirar abokan aiki ta sa shi kuskure.

To janareta fa?

Wani zai ce ai janareta da injinan casar shinkafa na Kura sun wadatar da ƙara. Sai dai kuma wannan ƙarar ɓarna take yi.

Tun a 1911 wani likitan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum kan ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta yi yawa. Ma'ana, marar lafiya sai ya koma faɗin sirrinsa da ƙarfi, kuma da zarar injin ya mutu, sai kowa ya ji ƙarshen zancen.

Ban da haka, masana lafiya na gargaɗin cewa yawan zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon sa'o'i takwas a kullum na iya lalata ji.

Inda babu kuɗin lasifikokin silin, fanka ma na iya taimakawa, musamman mai aiki da hasken rana, tun da wutar lantarki ba ta da tabbas. Sharaɗin shi ne a ajiye ta a wajen masu jira, ba kusa da likita ba, domin kunnen mai saurare ake son a cika.

Amma fanka ba za ta yi aikin bango ba. Idan katangar ta tsaya ba ta kai silin ba, ko kuma bencin jira na manne da ƙofa, sai an fara gyara waɗannan.