The Köln Concert: Yadda lalataccen fiyano ya haifar da faifan da ya kafa tarihi

A daren 24 ga Janairun 1975, mutum kusan 1,400 suka cika zauren wasannin opera na birnin Kolon da ke Jamus ta Yamma, suna jiran wani makaɗin fiyano ɗan Amurka mai suna Keith Jarrett. Akasarinsu ba su san cewa sa'o'i kaɗan kafin nan makaɗin ya ce ba zai hau dandamali ba. Abin da ya kaɗa a wannan dare shi ne aka fitar a faifan The Köln Concert, wanda aka sayar da kwafinsa fiye da miliyan 3.5. Har yau babu faifan kiɗan jaz na mutum ɗaya da ya kai shi kasuwa.

Wane ne Jarrett?

An haife shi a 1945 a garin Allentown na jihar Pennsylvania. Ya yi aiki tare da manyan makaɗan jaz irin su Art Blakey da Charles Lloyd da Miles Davis, kafin ya ɗauki wani salo mai kasada: ya zauna shi kaɗai gaban fiyano, babu ganga, babu mai busa, babu rubutaccen kiɗa, ya ƙirƙiri komai nan take. Wanda ya san yadda Dakta Mamman Shata yake tsara baiti a tsakiyar taro zai gane irin wannan baiwa, sai dai shi Jarrett ba shi da 'yan amshi da za su ba shi damar numfasawa.

Kuskuren da aka tafka

Wadda ta shirya taron wata budurwa ce Bajamushiya, Vera Brandes, da ba ta ko cika shekara 20 ba. Jarrett ya gindaya sharaɗin a tanadar masa babban fiyano ƙirar Bösendorfer 290 Imperial. Sai aka sami ruɗani, ma'aikatan zauren suka ajiye masa wani ƙarami na kamfanin, wanda ake gwaji da shi a bayan fage. Saitinsa ya goce, matakan ƙafarsa ba sa aiki yadda ya kamata, muryoyinsa na sama sun sirance, na ƙasa kuma ba su da kauri.

Shi ma makaɗin bai iso da ƙarfinsa ba. Ya yi doguwar tafiya a mota daga Suwizalan tare da Manfred Eicher, mai kamfanin faifai na ECM, ga rashin barci, ga ciwon baya da ya sa ya ɗaura abin tallafe ƙugu. Da ya taɓa fiyanon sai ya ce a fasa. Masu gyara suka shafe sa'o'i suna fama da shi, Brandes ta yi ta roƙo, an kuma riga an kafa na'urorin naɗar sauti. Daga ƙarshe ya amince, aka fara da misalin ƙarfe 11:30 na dare.

Yadda nakasu ya zama salo

A nan ne sirrin faifan yake. Tun da ɓangarori biyu na fiyanon sun gaza, Jarrett ya tattara yawancin kiɗansa a tsakiya, inda sautin ya fi lafiya. Tun da muryar ƙasa ba za ta cika zauren ba, sai ya sa hannunsa na hagu yana maimaita gajeren zubi ɗaya, kamar yadda mai kalangu yake riƙe amo, hannun dama kuwa yana yawo a kansa yana saƙa karin sauti. A kashi na farko, mai tsawon kusan minti 26, ya daɗe yana kai-komo tsakanin haɗin sauti biyu kacal, amma mai sauraro ba ya ƙosawa, domin kowane zagaye da sabon abin da yake ɗauke da shi.

Wannan maimaici ya kusantar da kiɗan ga kunnen wanda bai taɓa sha'awar jaz ba. Ana jin gurbin waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar Amurka a ciki, ana kuma jin makaɗin kansa yana nishi da gunji idan kiɗan ya ratsa shi. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Da an kawo masa fiyanon da ya nema, da wani kiɗan dabam duniya ta ji.

Bayan wannan dare

ECM ya fitar da faifan, mai tsawon minti 66, a ƙarshen 1975. Jarrett ya daɗe yana ƙin a rubuta kiɗan a takarda, bisa hujjar cewa abin da aka ƙirƙira don dare ɗaya ba na maimaitawa ba ne, sai daga baya ya sassauta. A 2025, shekara 50 bayan taron, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya faifan cikin jerin sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu.

Tun bayan shanyewar ɓarin jiki da ya same shi har sau biyu a 2018, Jarrett bai sake hawa dandamali ba. Hannun da ciwon ya taɓa shi ne na hagu, wanda ya riƙe amon a daren Kolon.