Kaka Tsohon Soja

Yara, kun san Baturiya? Gari ne na fadama a ƙasar Haɗejiya, cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa. Idan kogin Haɗejiya ya kawo ruwa, sai ya malale ko'ina, manoma su sami shinkafa, masunta su sami kifi. A garuruwa irin wannan, a dā akan sami wani dattijo wanda ake kira Tsohon Soja. Ya yi soja, ya yi aikin ɗan doka, ya kuma ga jikokinsa. Yau kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya. To, bari mu bi sawun irin wannan mutum, mu ga inda ƙafarsa ta taka.

A cikin 1939 aka fara Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin nan ƙasarmu tana hannun Turawan Ingila. Da suka bukaci mayaƙa, sai suka nemi taimakon sarakuna, aka yi ta ɗaukar samari. Waɗansu sun tafi da son ransu, waɗansu kuwa tura su aka yi. Saurayin ƙasar Haɗejiya, tashar jirgin ƙasa da ke kusa da shi ita ce ta Malam Madori, a kan hanyar Nguru zuwa Kano. A bariki aka koya masa maci da harbi. Hausa ita ce harshen da sojojin Nijeriya suka fi magana da shi a zamanin nan, har hafsoshi Turawa ma sai da suka koya.

A 1943 da 1944 aka kwashi runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, zuwa ƙasar Bama don su kara da Japanawa. Suka yi makonni cikin jirgin ruwa kafin su sauka Indiya. Ku dubi wannan al'amari! Yaron da bai san ruwan da ya fi na fadamarsu ba, ga shi a tsakiyar teku, gabas ruwa, yamma ruwa.

Bama ƙasa ce ta duwatsu da kurmi mai duhu, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A wurare da yawa mota ba ta shiga. Saboda haka a kā sojojinmu suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci, jiragen sama kuma suna jefo musu guzuri. Sauro da matsattsaku suka dame su, zazzaɓi ya kwantar da mutane da yawa. Duk da haka suka yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, suka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gaishe su. Waɗansu ba su dawo ba, kabarinsu yana can.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, aka dawo da sauran gida, aka sallame su. To, me mutum zai yi? Waɗansu suka koma gona da sū. Waɗansu kuwa En'e ta ɗauke su aikin ɗan doka, don sun saba da horo. Kada ku haɗa ɗan doka da dogari. Dogari bawan fada ne, mai babbar riga ja da kore. Ɗan doka kuwa kayan sarki yake sawa, yana riƙe da kulki, yana tsaron kasuwa, yana kama ɓarayi, yana kai masu laifi gaban alƙali. Gaskiya ba duka ne suka bar suna mai kyau ba. Akwai waɗanda suka matsa wa talakawa, musamman wajen haraji da rigimar siyasa. Amma wanda ya riƙe amana, har yau in an ambace shi sai a sa masa albarka. Bayan 1966 gwamnatin soja ta haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, aikin ya ƙare.

Ga wani abin lura. Yawancin labarin Bama da ya saura a gidajenmu, ta bakin jikoki ya zo. Me ya sa? A al'adarmu akwai kunya tsakanin uba da ɗansa, balle ɗan fari. Amma kaka da jika abokan wasa ne. Ya kira jikanya matarsa, ya ce da jikansa namiji rago. Da maraice sai su kewaye shi a kan tabarma, ya buɗe tsohon akwati, ya fito da lambobinsa na yaƙi da takardar sallama. Ya koya musu sara irin na soja, suna kuskure, yana dariya. Abin da ya kasa faɗa wa 'ya'yansa, su ya faɗa wa.

Waɗannan jikoki su ne iyayenku da kakanninku na yanzu. Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, Nijeriya tana tunawa da mazan jiya. In ranar ta zo, ku tambayi babba a gidanku ko wani naku ya je Bama. In an ce i, ku rubuta sunansa da garinsu da abin da ya ba da labari, ku kawo wa malam.