Malamin Lissafi a Ƙasar Kabi

Kayan aikin malamin lissafi ba su da yawa: allo, alli da tsumman gogewa. Amma ka leƙa ajinsa a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ka ga inda wahalar take. Zai cika allo da alamomi, ya juyo ya tarar aji ya yi tsit, sai ya karkaɗe farin alli daga hannun rigarsa ya ce, "To, bari mu yi ta da Hausa." Ya kawo buhunan shinkafar fadama da kuɗin taki, ya ninka, ya raba, har kawuna su fara gyaɗawa. Sannan ya koma kan x da y.

Sai dai ba a aji ake gama koyon sana'ar ba. Lakca ƙa'ida take bayarwa. Yadda ake kwana da matsala ɗaya har mako biyu ba a karaya ba, da yadda ake gano inda hujja ta karye, waɗannan sai an zauna gaban wani. Tun kafin boko haka abin yake. A zaure almajiran Gwandu suka koyi lissafin rabon gado, kuma Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi littafi kan hatimin lambobi ya rasu a Alƙahira a 1741, a hannun malamai ya tashi. Yau ma wanda ya gama digirin farko ya nufi na biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, sai ya sami mai ba shi batun bincike, mai rubuta masa takardar shaida, mai kiransa a waya ya ce TETFund ta buɗe neman tallafi.

A nan gizo ke saƙar. Ɗalibi namiji yana iya bin malam bayan la'asar, ya riƙe masa jaka, ya zauna a ofis har kiran magariba yana tambaya. Ɗaliba mace in ta yi rabin haka, kafin gobe magana ta zagaya. A ajin lissafi kuwa mata 'yan kaɗan ne, sau da yawa layi ɗaya ya ishe su, kuma wadda ta ɗaga hannu ta san duk idanu na kanta. Sai ta haɗiye tambayarta. Ba basira ta rasa ba, ƙofar da ake shiga ce ba a yi ta da ita ba. Haka yaron da ya fito daga wani ƙauyen Zuru ko Dandi, wanda kaf gidansu ba wanda ya taɓa taka jami'a: bai ma san ana ƙwanƙwasa ofishin malam ba.

Malaman da suka ƙware ba sa jiran a zo. Su ke kiran ɗalibi da sunansa, su haɗa mutum huɗu ko biyar a buɗaɗɗen aji, su miƙa wa mai shirun alli su ce, "Zo ki nuna mana." Wasu kan ambaci Iya Abubakar, ɗan Adamawa da ya karanci lissafi a Cambridge ya kuma shugabanci jami'ar Zariya, ko Grace Alele-Williams da ta sami digirin dakta a 1963 a fannin koyar da lissafi. Labari yana da amfani, amma a ganina malama guda mai ofis a sashen lissafi ta fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Abin kuma bai tsaya a jami'a ba. Masu NCE daga Argungu su ke komawa sakandaren ƙauyuka, inda rashin kiredit a lissafin WAEC ko NECO ke rufe wa yaro hanyar yawancin kwasa-kwasai, kuma akwai iyayen da suka fi sakin jiki su bar 'yarsu darasin yamma in mai koyarwar mace ce.