Gargaɗi ga direbobi da makanikai na Waca: kada a ja tsohuwar motar soja da igiya

Jama'ar Waca da kewaye, musamman masu motoci, makanikai, masu faci da yaran mota, a saurara da kyau. Kaka ta yi, kaya sun fara motsi. Gero, wake, riɗi da raken fadamun Korama na neman hanyar Bande zuwa Magarya da Damagaram, wasu kuma ta Dungas za su bi zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari. A cikin yashin nan namu, tsofaffin motocin soja da aka yi gwanjonsu sun fi kowace mota jurewa, shi ya sa ake son su. To amma ranar da suka mutu a hanya suna iya tafiya da rai.

Ɗauki Berliet GBC, wadda sojan Faransa suka fara aiki da ita tun farkon shekarun 1960. Ba kaya ma ta haura tan 8. Birkin irin waɗannan motoci da iska yake aiki, injin kuma shi ke juya kwamfuresa ta cika tankunan. Injin ya mutu, iska ta daina shiga. Direba zai taka birki ƴan lokuta ya ji ya kama, daga nan sai ƙafa ta tafi a banza. Motocin da suka zo daga baya, su iska na ƙarewa sai ƙafafun su cije, makanike ya zo ya kwance cizon don a samu a ja. To, wanda ya kwance ya sani: ya bar mota ba birki ko kaɗan.

Irin wannan motar ce ake ɗaura wa igiya ko sarƙa. A gangara, ta gaba ta rage gudu, ta baya ta hau kanta. A cikin yashi kuwa, ta gaba ta fizga, sarƙar ta tsinke ta dawo kamar bulala, kuma galibi yaron mota da ƴan kallo ne a tsaye a wurin. Saboda haka a ja da sandar ƙarfe kawai, wadda aka kafe gaba da baya da fil mai makulli. In da hali a jona mata tiyon iska daga mai jan. A cire farfela kafin doguwar tafiya, in ba haka ba giya ta ƙone a hanya, kuma kayan gyaran Berliet ba a bakin titi suke ba, tunda kamfanin ya narke cikin Renault tun 1978. Motar da ake ja ba ta ɗaukar fasinja, ko mutum ɗaya, ko da ranar kasuwa ce ana roƙo.

Masu faci, naku ya fi gaggawa. Wilin waɗannan motoci mai zobe ne. Zoben da ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko bai zauna daidai ba, yana fita da ƙarfin da zai fasa kan mutum. Sau nawa ake ganin yaro ya zauna a kan taya, tiyo a hannu, ubangidansa na buga zobe da guduma iska na shiga? A daina. A sace iska duka kafin a taɓa noti, a ɗaure taya da sarƙa kafin a hura, a tsaya gefe da dogon tiyo. Tayar da ta shekara goma a ajiye ta mutu ko da zanenta sabo ne. Lamba huɗu na jikinta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta.

Tirelar soja kuma zoben ja gare ta, ƙugiyarta take so, mai rufewa. Ɗaura ta da waya a bayan ƙaramar mota ganganci ne. Wutarta bolt 24 ce, ta ƙaramar mota 12, don haka fitilun ba za su haska yadda ya kamata ba, mai babur ya zo da dare ya afka mata. A sa waigi kafin a kwance ta, a sa waigi da kututture kafin a shiga ƙarƙashi, jak kaɗai ba ya riƙewa a yashi. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kai masa walda don an ga ya bushe. In kuma motar mai ta kife, kowa ya yi nesa: a Majiya ta Jigawa, cikin Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka rasu wajen kwasar fetur.

A canza fentin soja, a riƙe takardun saye a mota, don a halin tsaron da ake ciki ba a wasa da launin kaki a shingen jandarma.

Masu gari, limamai da shugabannin tasha, don Allah a isar da wannan a masallatai da gareji kafin ranar kasuwa mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya.