KILE USB: YADDA AKE BUƊE SHI DA YADDA AKE TSARE ABIN DA KE CIKI

Akwai wani ɗan abu da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda a yau ya shiga aljihun kusan duk mai hulɗa da takarda a ƙasarmu Nijar. Ma'aikatan biro suna kiran shi kile USB, maƙwabtanmu na Najeriya kuwa filashi suke ce masa. A cikinsa ne ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi yake ɗaukar kundin ƙarshen karatunsa zuwa wurin bugawa, a cikinsa ne mai neman shiga konkur yake tara takardunsa, haka ma sakatare da ɗan kasuwa. Sai dai kash, sau da yawa aikin shekara guda yakan salwanta cikin ƙiftawar ido, mai shi ya riƙe kai ya ce ƙaddara ce, alhali kuwa rashin sani ne ya jawo.

Asalinsa

Ƙofar nan da ake cusa shi a jikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ita ce USB, kuma a shekarar 1996 ta fito. Ma'ajiyar da ke cikinsa, wadda ke riƙe rubutu ko babu wutar lantarki, wani injiniyan kamfanin Toshiba na ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙago ta a shekarun 1980. Kile na farko sun shiga kasuwa a shekarar 2000, kuma wanda kamfanin IBM ya sayar mega 8 kaɗai yake ɗauka. Duk da haka ya ninka disket ɗin da tsofaffin ma'aikata suka sani fiye da sau biyar, domin ita mega 1,44 ce iyakarta. A yau ana samun na jiga 16, 32, 64 har sama, jiga guda kuwa kimanin mega dubu ne.

Buɗe shi

Idan aka cusa kile, kwamfuta takan ba shi harafi. Babbar ma'ajiyarta ta ciki ita ke da harafin C, saboda haka baƙon yakan samu D, ko E, ko F. Tun da yawancin na'urorinmu da Faransanci suke magana, sai a shiga wurin da aka rubuta «Ce PC», a nan za a gan shi da sunansa da harafinsa. Idan bai bayyana ba, kada a yi ta murɗa shi da ƙarfi. A gwada wata ƙofar, a duba ko ƙurar hunturu ce ta cika bakinsa, sa'an nan a gwada shi a wata na'urar. Wayoyin salula da yawa ma suna karanta kile idan aka haɗa su da ɗan mahaɗin da ake kira OTG.

Abu na farko da ya kamata mai kile ya saba da shi shi ne kwafe takarda zuwa cikin kwamfuta kafin ya fara gyara ta, idan ya gama ya mayar da sabuwar. Wanda ke rubutu kai tsaye a kan kile, idan aka ɗauke wuta, kamar yadda ake yawan yi a watannin zafi, ko wani ya bangaji na'urar, yana iya rasa tsohuwar da sabuwar baki ɗaya. Kuma a sani, abin da aka share daga kile ba ya zuwa kwandon shara na «Corbeille» inda ake iya ɗauko shi.

Cire shi

Nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Sa'ad da kwamfuta ke zuba takarda a kile, tana kuma gyara wani ɗan littafin lissafi da ke nuna inda kowace takarda take zaune. In aka fizge kile tana tsakar wannan aiki, lissafin ya rikice, takardun suna ciki amma babu hanyar kai wa gare su. Don haka a rufe duk takardun da aka buɗe, a danna maɓallin dama na linzami a kan harafin kile, a zaɓi «Éjecter», a jira saƙon da ke cewa ana iya cirewa. Gaskiya ne tun ƙarshen shekarar 2018 an tsara Windows 10 yadda cirewar kai tsaye ba ta cika yin lahani ba, amma wannan bai shafi lokacin da ake cikin kwafewa ba, kuma har yanzu tsofaffin na'urori ba su ƙare a birane da makarantunmu ba.

Cutar da ake ɗaukowa

Kile ɗan yawo ne, daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan, kuma duk inda ya kwana yana iya kwaso ƙwayar cutar kwamfuta. Wadda ta fi addabar mutane ita ce mai ɓoye takardu, ta bar wasu hotunansu na bogi masu ɗan kibiya a gindi, waɗanda ake kira «raccourci». Duk wanda ya danna su ya buɗe wa cutar ƙofar na'urarsa. A nan mutane da yawa sukan firgita su wanke kile ɗungurungum, alhali galibi takardun suna nan, ɓoye su kawai aka yi. A sa maganin cuta na kwamfuta ya bincike shi, sa'an nan wanda ya san aikin ya fito da ɓoyayyun.

Kada a ɗauki lamarin da wasa. Cutar Stuxnet da aka gano a shekarar 2010, wadda ta lalata injuna a tashar nukiliya ta Natanz a ƙasar Iran, an ƙera ta ne yadda za ta bi kile ta isa na'urorin da ba su haɗe da intanet. Saboda haka kile ɗin da aka tsinta a hanya ba abin cusawa a kwamfutar ma'aikata ba ne.

Wanke shi

Wankewa, wato «Formater», tana share komai ta sake tsara kile. Idan kwamfuta ta ce sai an wanke shi kafin ta buɗe, kuma akwai abin muhimmanci a ciki, to kada a amsa. A cire shi, kada a ƙara zuba masa komai, a kai wa masani, domin manhajoji irin su PhotoRec da Recuva sukan ceto abin da ba a riga an rubuta wani a kansa ba.

Idan kuma wankewar ake so, akwai zaɓi. Tsarin FAT32 kusan kowace na'ura tana karanta shi, har rediyon mota da talabijin, amma ba ya karɓar abu guda da ya kai jiga 4. Shi ya sa wani dogon fim yake ƙin shiga ko da akwai wuri. Tsarin exFAT, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a shekarar 2006, ya kawar da wannan iyaka. NTFS kuwa na Windows ne, wasu na'urorin ba su yarda da shi ba.

Na jabu

Mai saye ya lura, araha ba ta ado. Kile na gaskiya mai jiga 16 yakan nuna tsakanin 14 da 15, wannan bambancin ƙidaya ne, babu cuta a ciki. Amma akwai na jabu da aka yi wa dabara su nuna jiga 64 ko fiye, alhali cikinsu bai kai haka ba. Suna karɓar kaya ba musu, sai ranar buɗewa a tarar da wofi. Manhajar H2testw tana cika kile ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmansa. A gwada tun yana sabo.

Ko na ƙwarai ma yana da ajali. Kowane gurbi a cikinsa yana da iyakar yawan rubutun da zai jure, zafi kuma yana gaggauta zubewar abin da ya riƙe, balle a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Kada a bar shi a gaban mota ko a rana. Mai ɗauke da sirrin ma'aikata, kamar sunayen marasa lafiya ko lissafin albashi, ya kulle shi da kalmar sirri, domin ƙaramin abu ba ya wuyar faɗuwa.

A taƙaice, kile jaki ne na kai kaya kasuwa, kuma ba a mayar da bayan jaki rumbu. Duk takardar da rashinta zai sa mutum kuka, ya ajiye ta wuri uku: cikin kwamfuta, cikin kile, da kuma akwatin saƙonsa na intanet. Ɗalibi ya riƙa aika wa kansa kundinsa duk ƙarshen mako. Shugabannin ma'aikatu kuma su sa a riƙa sabunta maganin cuta a na'urorin biro, masu shagunan buga takardu su ma haka, domin amanar jama'a ce ke ratsa hannunsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.